LIKITA CICELY WILLIAMS (1893–1992): MATAR DA TA SAURARI IYAYE MATA

Babu uwa a cikinmu wadda ba ta san fargabar lokacin yaye ba. Yaro yakan kasance cikin ƙoshin lafiya muddin yana kan nono, amma da an cire shi, musamman idan uwar ta sami wani ciki da wuri, sai a ga ya fara sakewa. Ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatarsa ta riƙa saɓulewa kamar wanda wuta ta ƙona. Ya daina wasa, ya ƙi abinci, ba abin da ya rage masa sai kuka marar ƙarfi. A ƙasar Hausa akan ce yaron ya sha ciki. Likitocin duniya kuwa suna kiran wannan ciwo kwashiyoko. Wannan suna ba daga Turanci ya fito ba, daga bakin matan ƙabilar Ga na ƙasar Gana ya fito. Wadda ta ɗauko shi daga bakinsu ta kai shi cikin littattafan likitanci ita ce Likita Cicely Williams, wadda za mu ba da tarihinta a wannan fitowa.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Cicely Delphine Williams ran 2 ga Disamba 1893 a Kew Park, cikin gundumar Westmoreland a tsibirin Jamaika. Iyayenta Turawa ne, kakannin mahaifinta kuwa sun daɗe da zama a tsibirin. Mahaifinta, James Rowland Williams, ya riƙe muƙamin daraktan ilimi na Jamaika. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida. Tana da shekara 13 aka aika da ita Ingila, inda ta shiga makarantar 'yan mata a birnin Bath. Da ta gama ta sami gurbi a Kwalejin Somerville ta Jami'ar Oxford, amma ba ta shiga nan da nan ba, gama guguwa mai ƙarfi ta yi ɓarna a Jamaika, ya zama dole ta koma gida ta taimaki iyayenta. Tana can har mahaifinta ya rasu a 1916.

A lokacin nan Yaƙin Duniya na Ɗaya yana kan ci. Samarin Ingila sun tafi fagen fama, azuzuwan koyon likitanci sun zama kusan babu kowa, saboda haka aka buɗe wa mata ƙofar da a dā take a rufe. Ta haka Cicely ta shiga sahun matan farko da suka karanta likitanci a Oxford. Cikin malamanta akwai Sir William Osler, wanda ya shahara a kan koya wa ɗalibai cewa a bakin gadon majinyaci ake koyon aikin likita. Ta kammala horonta a Asibitin King's College da ke Landan a 1923, tana dab da shekara 30.

Samun aiki bai zo mata da sauƙi ba, domin mazan da suka dawo daga yaƙi su aka fi ba wa gurabe. Ta yi shekara biyu a asibitin yara na Hackney, unguwar talakawa a gabashin Landan. A can ta gane cewa ba a raba ciwon yaro da halin gidan da ya fito. Ta kuma yi aiki na ɗan lokaci a Salonika ta ƙasar Girka, a tsakanin 'yan gudun hijira. Sa'an nan ta yi kwas a kan cututtukan ƙasashe masu zafi a Landan, ta shiga aikin likitancin gwamnatin mulkin mallaka. A 1929 aka tura ta Gwalkwas, wadda ake kira Gana a yau.

Shekara bakwai a Gwalkwas

Ta yi aiki a Koforidua da Kumashi, daga baya aka ba ta riƙon Asibitin Yara na Gimbiya Marie Louise a Akara, birnin da fatakenmu na dā suke kira Ankara. A zamanin nan al'adar asibitocin Ingila ita ce a karɓi yaro a sallami uwarsa, ba za ta gan shi ba sai ranar ziyara. Likita Williams ta ƙi bin wannan al'ada. Ta bar iyaye mata su kwana tare da 'ya'yansu, su shayar da su, su dafa musu abinci, su kuma koyi kula da su a gaban ma'aikatan jinya. Ta buɗe wuraren awon yara masu lafiya, ta riƙa rubuta tarihin kowane yaro a kati. A ganinta babu ma'aikacin jinya da ya kai uwa sanin ɗanta, kuma yaron da aka warkar aka mayar da shi gida wurin uwar da ba a koya wa kome ba, zai sake dawowa.

Ba da daɗewa ba ta lura da wani abu. Jariran da suke kan nono yawancinsu suna da ƙiba da kuzari. Waɗanda suke mutuwa da yawa su ne 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Akan kawo su da kumburi da zawo da miki a baki da fata mai saɓulewa, kuma mafi yawansu ba su tashi. Ta bincika littattafan da ta karanta, ba ta sami bayanin da ya dace da abin da take gani ba. Sai ta koma ga iyayen yaran da matan da suke aikin jinya tare da ita, ta riƙa tambayarsu abin da yaron yake ci, da lokacin da aka yaye shi, da dalilin yaye shi. Amsar kusan iri ɗaya ce kullum. An cire yaron daga nono, ko don uwar ta sami ciki, ko don ta rasu, ko don nononta ya ƙafe, aka bar shi da kokon masara tsararo da dokunu, babu madara, babu kifi, babu nama.

Ba ta tsaya a nan ba. Da izinin iyaye ta riƙa bincika gawawwakin yaran da suka mutu, aikin da yake da hatsari ƙwarai a lokacin da ba a riga an sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba. Ta tarar hantar yaran ta kumbura ta cika da kitse. Ta kuma gwada magani. Yaran da aka kawo da wuri, aka ba su madara da man hantar kifi, sukan farfaɗo. A 1933 ta buga sakamakon bincikenta a wata mujallar likitocin yara ta Ingila, ta bayyana cewa wannan ciwo ne na ƙarancin abinci mai gina jiki, wanda yake tafiya tare da dogara ga masara. A 1935 ta sake rubutu a mujallar Lancet, a nan ne ta kira ciwon da sunan da matan Ga suke kiransa. Ma'anar sunan ita ce ciwon da yake kama babban yaro sa'ad da aka yi masa ƙane. Ashe matan nan sun daɗe da gane alaƙar ciwon da yaye. Abin da ya rage shi ne a sami likitan da zai sunkuya ya tambaye su.

Gardama da manya

Manyan masana a Landan ba su yarda ba. Likita Hugh Stannus, wanda ya yi aiki a Niyasaland, wato Malawi ta yau, kuma ake ganinsa gwani a fannin, ya nace cewa wannan ba wani sabon ciwo ba ne, felagara ce, ciwon fata da aka riga aka sani a tsakanin masu cin masara. Likita Williams ta amsa da hujjojin da ta gani da idonta. Felagara ta fi kama manya, tana fitowa a sassan jiki da rana take duka, kamar wuya da bayan hannu, tana kuma ɗaukar lokaci mai tsawo. Kwashiyoko kuwa ƙananan yara yake kamawa, yana ɓata fata a wuraren da jiki yake gugar juna ko gugar ƙasa, kamar matsematsi da ɗuwawu da gwiwa, yana kuma kisa cikin ɗan lokaci. Duk da haka ba a saurare ta ba, gama mace ce, kuma ƙaramar ma'aikaciya a ƙasar mulkin mallaka. A 1936, bayan saɓani da manyanta a wurin aiki, aka ɗauke ta daga Gwalkwas aka tura ta Malaya, a kudu maso gabashin Asiya.

Gaskiya ba ta ɓuya har abada. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka buga rahoton masana biyu, Brock da Autret, waɗanda suka zaga ƙasashen Afirka da dama. Rahoton ya tabbatar cewa ciwon yana ko'ina a nahiyar, ya kuma kira shi da sunan da ta ba shi. Mu a Nijeriya mun ga munin wannan ciwo a lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, sa'ad da yara masu ɗimbin yawa suka mutu da kumburi a yankin gabas.

Madarar gwangwani a Malaya

A Singafo ta koyar a kwalejin likitanci, ta kuma kula da sashen yara na asibiti. A can ta tarar da wata irin masifa dabam. A Akara yaran da aka yaye ne suke mutuwa, a Singafo kuwa jarirai ne 'yan watanni. Dalili shi ne kamfanonin madara suna aika mata sanye da tufafi irin na ma'aikatan jinya zuwa unguwannin talakawa, suna gaya wa masu jego cewa madarar gwangwani mai zaƙi ta fi nono. Uwa matalauciya takan saya, ta tsinka ta da ruwa mai yawa domin ta daɗe, sau da yawa ruwan ma ba mai tsabta ba ne. Kafin ta farga nononta ya ƙafe, jaririn kuwa ya kamu da zawo da rama.

Mu lura da wannan, 'yan'uwa. Ita kanta ta yi amfani da madarar gwangwani a Akara, ta kuma ceci rayuka da ita. Amma a can magani ce ga yaron da aka riga aka yaye, ana ba shi a gaban likita. A nan kuwa an mayar da ita haja, ana raba jariri da nonon uwarsa domin riba. A 1939 aka gayyace ta ta yi jawabi a Kulob ɗin Rotary na Singafo, taron manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Ta ba jawabin nata suna Madara da Kisan Kai. Ta gaya musu a fili cewa yaudarar iyaye mata a kan abincin jarirai babban laifi ne, kuma mutuwar da take biyo baya ya kamata a lissafta ta cikin kisan kai. Aka yi shekara 42 kafin duniya ta ɗauki mataki. A 1981 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana tallar madarar jarirai ga jama'a, ta kuma hana rarraba ta kyauta ga masu jego.

Kurkukun Changi

Tana aiki a jihar Trengganu, a gabashin Malaya, sa'ad da sojojin Japan suka shigo ƙasar a Disamba 1941. Da ƙyar ta kai Singafo, inda ta ci gaba da kula da yara marasa lafiya, tana kwashe su daga wannan gini zuwa wancan ana ruwan bama-bamai. Birnin ya faɗi a Fabrairu 1942. Aka tsare ta tare da sauran fararen hula a kurkukun Changi. A can ta zama likitar mata da yara, har aka zaɓe ta shugabar sashen mata na wani lokaci.

A Oktoba 1943, bayan an nutsar da wasu jiragen ruwan Japan a tashar Singafo, 'yan sandan asiri na sojojin Japan suka kama mutane da yawa daga kurkukun bisa zargin leƙen asiri. Tana cikinsu. Ta yi wajen wata biyar a wani ƙuntataccen ɗaki tare da maza, cikin ƙazanta da yunwa, tana ganin waɗanda aka azabtar suna mutuwa a gefenta. Aka mayar da ita Changi a Maris 1944, ta rame ƙwarai. Daga baya aka kai fursunonin sansanin Sime Road, inda suka zauna har yaƙi ya ƙare a 1945. Ciwon beriberi, wanda ƙarancin bitamin yake kawowa, ya bar mata mutuwar jiki a ƙafafu har ƙarshen ranta. Matar da ta yi shekaru tana binciken yunwa a jikin 'ya'yan wasu ta ɗanɗana ta a nata jikin.

Abin da ya fi faranta mata rai daga waɗannan shekaru na wahala shi ne wannan: an haifi jarirai 20 a cikin sansanin, dukansu 20 nono suka sha, dukansu 20 kuwa suka rayu, ko da yake iyayensu mata suna cikin yunwa.

Hidima ga duniya duka

A 1948 aka kafa Hukumar Lafiya ta Duniya, aka naɗa ta shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Janiba. Koyarwarta a wannan muƙami ita ce wadda ta fara a Akara. Kada a raba rigakafi da magani, kada a raba yaro da uwarsa. Gara a sami ƙananan ɗakunan shan magani da yawa kusa da jama'a, da ma'aikatan da suke shiga gida gida, da a gina ƙaton asibiti ɗaya a babban birni wanda matar ƙauye ba za ta iya kaiwa ba.

Daga 1951 zuwa 1953 ta koma Jamaika ta shugabanci bincike a kan wani ciwon amai da yake kashe yaran talakawa farat ɗaya. Ciwon yana da alaƙa da cin ɗanyen 'ya'yan itacen aki, wanda asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, gama gubar da take cikinsa tana sa sukarin jini ya faɗi ƙasa, kuma yaran da ba su samun isasshen abinci su ne suka fi mutuwa. Bayan haka ta koyar a Landan, ta zama farfesa a Jami'ar Amurka ta Bairut, inda ta yi aiki da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, daga baya kuma ta koyar a Jami'ar Tulane ta Amurka. A 1972 ita da Likita Derrick Jelliffe suka wallafa littafi a kan yadda za a kai hidimar lafiyar uwa da yaro ga jama'a. Ta yi aiki a ƙasashe fiye da 50. A 1965 likitocin yara na Ingila suka ba ta lambar girma ta James Spence. A 1986 Jami'ar Gana ta ba ta digirin girmamawa, shekara 50 bayan an ɗauke ta daga ƙasar. Ba ta taɓa yin aure ba. Ta rasu a Oxford ran 13 ga Yuli 1992, tana da shekara 98. A watan Agusta na wannan shekara aka fara kiyaye Makon Shayarwa na Duniya, wanda ake yi daga 1 zuwa 7 ga watan.

Abin da ta bar mana

Bincike ya ci gaba a bayanta. Masana sun gane cewa ƙarancin furotin shi kaɗai bai isa ya bayyana kwashiyoko ba. Ƙyanda da zawo sukan buɗe masa ƙofa, ana kuma bincike a kan ƙwayoyin halittar da suke cikin hanji, da gubar fumfunar da take kama masara da gyaɗa. Wannan bai saɓa wa koyarwarta ba, gama ita ma ta riƙa jan kunne cewa tamowa tana da saiwoyi da yawa: talauci, da cuta, da rashin sani, da rashin kulawa. Hanyarta ta dogara ga uwa ta sake bayyana amfaninta a Jamhuriyar Nijar a 2005, musamman a yankin Maraɗi, inda ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani. Yawancinsu ba a kwantar da su ba. Aka ba iyayensu mata abinci na musamman da aka haɗa da gyaɗa da madara da mai da sukari da bitamin, suka ciyar da 'ya'yansu a gida.

Duk da haka aikin bai ƙare ba. Bisa ga ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, yara miliyan 4.9 ne suka mutu a duniya a 2022 kafin su cika shekara biyar, kuma kusan rabin irin wannan mutuwa tana da alaƙa da rashin isasshen abinci. A wannan shekara yara miliyan 148 ne suka tsumbure.

Saboda haka, ya ku iyaye, bari mu ɗauki darasin da wannan mata ta koya daga bakin mata irinku. A ba jariri nonon fari, wato dakashi, kada a zubar, gama shi ne rigakafinsa na farko. A ba shi nono zalla har wata shida, sa'an nan a ƙara da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da yake cutar yaro shi ne a cire shi rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, a bar shi da koko tsararo. A yi masa kunu mai kauri, a sa gyaɗa ko wake ko waken suya, a ba shi ƙwai da kifi da nono da ganye irin su zogale, a ɗiga manja. A ba shi nasa ƙoƙon dabam, a ciyar da shi sau da yawa a yini, gama cikinsa ƙarami ne. A kai shi awo da allurar rigakafi. Idan kuwa aka ga ƙafafunsa duka biyu sun kumbura, kada a ce ƙiba ce, kada a jira kwanan kasuwa, a kai shi asibiti a ranar.

Ku kuma mazaje, wannan magana ta shafe ku. Matar da ba ta ƙoshi ba, wadda take haihuwa a kan haihuwa ba hutu, ba za ta iya riƙon yaro yadda ya kamata ba. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke ƙyamar kwanika, suke ba mai goyo lokacinta. Ma'aikatan lafiya kuma su tuna cewa macen da ta zo da yaro a baya, ko da ba ta taɓa shiga aji ba, ta san abin da ba ya cikin kati. Likita Cicely Williams ta tambayi irin waɗannan mata, ta saurari amsarsu, ta kuma tsaya a kanta har sa'ad da duniya ta yarda. Allah ya raya mana 'ya'yanmu.